Don Me Sauro Ba Ya Mutuwa Da Cutar Da Yake Ɗauke Da Ita?

Darasin nazari domin iyali. A karanta Ayuba 12:7-10, da Karin Magana 30:24-28, da Romawa 8:18-23.

Akwai tambayoyin da yara suka fi manya iya yinsu. Idan aka gaya wa yaro cewa sauro ne ke kawo cutar shawara, ba ya daɗewa sai ya ce, to, shi sauron me ya hana cutar ta kashe shi? Yawancinmu iyaye mukan yi dariya mu wuce. Amma tambaya ce mai nauyi. Masana sun yi shekaru suna binta a ɗakunan bincike, kuma amsar da suka samu ta shafi rayukan 'ya'yanmu kai tsaye.

Cutar shawara ba baƙuwa ba ce a yankunanmu. Ta ɓarke a tsaunukan Jos a shekarar 1969. A shekarar 1986 ta afka wa Oju a Jihar Binuwai, inda likitocin da suka bi diddiginta suka ƙiyasta cewa mutum wajen 9,800 ne idanunsu suka yi ɗorawa, wajen 5,600 kuma suka rasu, a wannan ƙaramar hukuma ɗaya kaɗai. Shekara ta zagayo, 1987, ta shiga garuruwan Jihar Oyo. Ta yi shiru na wani lokaci, sa'an nan ta sake ɓullowa a Jihar Kwara a 2017, da yankin Alkaleri na Jihar Bauchi a 2019, da Jihohin Delta da Inugu a 2020. A dukan waɗannan wurare mutane sun binne 'yan'uwansu, sauron da ya kawo cutar kuwa ya ci gaba da shawaginsa.

Agur, wanda ya rubuta sura ta 30 ta Karin Magana, ya lissafta halittu huɗu ƙanana waɗanda hikimarsu ta fi girmansu, biyu daga cikinsu kuwa ƙwari ne, wato tururuwa da fara. Abin da ya gani da ido ya rubuta. A wannan darasi za mu leƙa inda idonsa bai kai ba, cikin jikin ƙwaron kansa.

Abokin gaban da ido ba ya gani

Abin da ke jawo shawara wata irin ƙwayar cuta ce da ake kira bairus. Ya bambanta da abin da ke jawo zazzaɓin maleriya, wanda halitta ce mai girma ƙwarai idan aka gwada ta da bairus, kuma wani sauro dabam ne ke ɗaukarta, mai cizon dare. Bairus na shawara ƙarami ne har ya kai sai an jera wajen guda 20,000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba ya iya haihuwa da kansa. Iyakar abin da yake da shi shi ne wani zare mai ɗauke da umarni, wanda masana ke kira RNA, a naɗe cikin ɗan kwanso. Umarnin nan an rubuta shi da haruffa iri huɗu kawai, kuma tsawonsa a bairus na shawara ya kusa haruffa 11,000.

Jikin mutum da na ƙwaro duka an gina su da ƙwayoyin halitta, waɗanda za mu iya ɗauka kamar ƙananan ɗakuna, kowanne da ma'aikatansa. Bairus yakan kutsa cikin ɗaki, ya miƙa wa ma'aikatan takardar umarninsa, su kuwa su bar aikin gidan su koma ƙera masa 'ya'ya.

Mu 'yan adam Allah ya ba mu garkuwa hawa biyu. Akwai wadda ake haihuwarmu da ita, mai tare kowane baƙo nan take. Akwai kuma ta biyu, mai koyo da tunawa: wasu fararen ƙwayoyin jini sukan gane baƙon, su ƙera makamin da ya dace da shi shi kaɗai, su kuma riƙe kamanninsa shekara da shekaru. Dalilin da ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yinta ke nan. Ƙwari ba su da waɗannan ƙwayoyin jini masu tunawa, ba su kuma da makaman da suke ƙerawa. Don haka an daɗe ana mamakin yadda suke tsira, alhali kuwa bairus iri iri ya cika duniyarsu.

Ƙofofi kafin a kai ga yawu

Tamatar sauro ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini ta yi ƙwai. In ta sha jinin mai shawara, bairus ɗin ba ya tsayawa a bakinta kamar datti a kan allura. Cikin tumbinta yake tafiya tare da jinin. Dole ya sami hanyar shiga bangon tumbin, ya hayayyafa a can, ya fita zuwa cikin ruwan jikinta, daga nan ya sake kutsawa cikin jakar yawunta. Sai ya kai nan ne cizonta zai iya harbin wani mutum. Tafiyar takan ɗauki kwana goma ko kusa da haka, takan kuma yi sauri in ana zafi. Kowace ƙofa tana tare baƙi da yawa, shi ya sa cikin dubban jinsunan sauro 'yan kaɗan ne ke iya yaɗa shawara, su ne 'yan dangin da ake kira Edis a nan Afirka.

A nan ya kamata mu kwantar da wani tsoro da ya daɗe a cikin ikilisiyoyinmu. Sauro ba ya yaɗa cutar ƙanjamau. Bairus ɗinta yana bukatar wasu ƙwayoyin jinin mutum kafin ya hayayyafa, sauro kuwa ba shi da su, sai tumbinsa ya narkar da shi kamar sauran abinci. Ban da haka, abin da sauro ke zuba wa wanda ya ciza yawu ne, ba jinin mutumin da ya ciza a baya ba. Babu wani dalilin sauro da zai sa a ware ɗan'uwa mai ɗauke da wannan cuta daga ɗakin kwana ko daga bencin sujada.

Yadda ɗaki ke gane ɓarawo

Yanzu mu zo ga zuciyar darasin. Bairus ya riga ya shiga ɗaki. Umarninsa da na gidan da haruffa iri ɗaya aka rubuta su, a kan zare iri ɗaya. Ta yaya ɗakin zai bambance nasa da na baƙo?

Amsar tana cikin hanyar da bairus ke kwafar kansa. Saƙonnin gida da ke yawo a cikin ɗaki zare ne mai sili ɗaya. Amma kafin bairus ya yi kwafin zarensa, dole ya fara saƙa wani zare a jikin na farkon, harafi bisa harafi, ya zama kamar ma'auni. A wannan ɗan lokaci sai a sami zare mai sili biyu, dogo, a tufke kamar igiya. Irin wannan doguwar igiya ba kayan gidan ba ce. Sawun ɓarawo ce, kuma ba shi da yadda zai yi ya ƙi barinta, gama in bai saƙa ta ba, ba zai haihu ba.

A cikin kowane ɗaki na jikin ƙwaro akwai wani furotin da masana suka sa wa suna Daisa-2, ma'anar sunan kuwa mai yanyankawa. Aikinsa ya nemi wannan igiya mai sili biyu. Da ya same ta sai ya bi ta yana yanka ta gunduwa gunduwa, kowace gunduwa haruffa 21. Da a nan abin ya tsaya, da ma ya isa abin yabo. Amma gunduwoyin ba a zubar da su. Ana miƙa su ga wani furotin mai suna Argonot-2. Shi kuwa sai ya warware silin biyu, ya yar da ɗaya, ya riƙe ɗayan.

Iyayenmu na Zumuntar Mata za su gane abin da ke biye. Idan aka zaɓi anko, ba a ɗaukar turmin atamfa gaba ɗaya zuwa kasuwa. Ɗan ƙyalle ake yankowa, a bi rumfa rumfa ana gwadawa har a sami wanda zanensa ya yi daidai. Haka Argonot-2 yake yi da ɗan guntun zaren da ke hannunsa. Yana zagaya ɗakin yana gwada shi da kowane zare da ya tarar. Na gida ba sa dacewa, sai ya bar su su wuce. Duk wanda ya dace harafi da harafi, na bairus ne, sai ya datse shi, ya wuce neman wani. Wato makamin da ake yaƙar baƙon da shi daga jikin baƙon aka yanko shi. Bairus da ƙwaron bai taɓa haɗuwa da shi ba ma, da zarar ya fara kwafar kansa ya ba da ƙyallen da za a neme shi da shi.

Wani zai ce, haruffa 21 ba su yi kaɗan ba? Sai a lissafta. Haruffa iri huɗu a gurbi 21 suna iya jeruwa ta hanyoyi fiye da tiriliyan 4. Da wuya ƙwarai ɗan guntun ya dace da saƙon gida bisa kuskure. A ganina, wannan ma'auni, wanda bai yi gajeren da zai cuci gida ba, bai kuma yi tsawon da zai hana aiki ba, ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani.

Ba a ƙwari aka fara gano wannan hanya ba. Andrew Fire da Craig Mello, masana biyu na Amurka, sun bayyana ta a shekarar 1998 cikin wata 'yar tsutsar ƙasa, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2006. A 2002 rukunin Shou-Wei Ding a Kalifoniya suka nuna cewa ƙwayoyin halittar ƙuda suna amfani da ita a kan bairus. A 2006 rukunoni dabam dabam suka nuna cewa ƙudan da aka lalata masa Daisa-2 ko Argonot-2 yakan mutu da sauri da bairus ɗin da ɗan'uwansa mai lafiya ke jurewa. Ƙudan da ake magana a kai shi ne ɗan ƙaramin nan mai taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba.

Kada mu raina shi. A jikinsa ne Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka gano a 1996 aikin wani mai gadi da ake kira Tol, wanda in ƙudan ya rasa shi naman gwari yakan cinye shi. Ba da daɗewa ba aka tarar cewa mu ma muna da 'yan'uwan wannan mai gadi a jikinmu, su ne ke fara buga ƙararrawa idan cuta ta shigo. Hoffmann ya sami kyautar Nobel a 2011. Ayuba ya ce wa abokansa su tambayi dabbobi da tsuntsaye da kifaye su koya musu. Ga likitocin zamaninmu sun tambayi ƙuda, ya kuwa koya musu abin da ke cikin jininsu.

Almakashin nan ba shi kaɗai ke tsaron gida ba. Ɗakin da aka shiga yakan aika wa maƙwabtansa saƙo su shirya, kuma a 2021 aka gano a jikin ƙuda wasu furotin da ke jin igiya mai sili biyu su tayar da ƙararrawa. Wani lokaci kuma ɗakin yakan kashe kansa da gangan kafin 'ya'yan bairus su nuna, domin sauran jiki ya tsira. Bairus ma ba ya zama hannu rabbana. Wasu suna ƙera furotin da ke lulluɓe igiyar don kada Daisa-2 ya gan ta, wasu suna riƙe hannun Argonot-2, wasu suna hana ɗakin kashe kansa. Manomin da ya taɓa ganin tsutsa a rataye a saman ganye, jikinta ya yi laushi ya narke, ya ga inda bairus ya yi nasara. Irin wannan bairus na tsutsa, wanda ba ya kama mutum ko dabba, har an mai da shi maganin feshi, ciki har da na tsutsar nan mai cin masara da aka fara gani a Najeriya a 2016.

Inda darasin ya yi ɗaci

A jikin sauro garkuwar ba ta korar bairus na shawara ko na zazzaɓin dengi gaba ɗaya. Danne shi take yi. Yana nan yana hayayyafa, almakashi yana rage shi, aka tsaya a wani matsayi inda sauron ke iya tashi, ya ci, ya yi ƙwai, ko da yake wani lokaci kwanakinsa ko yawan ƙwansa sukan ragu. Sauron da ya kamu yana ɗauke da cutar har ranar mutuwarsa, kowane cizo kuma yana iya harbin sabon mutum.

An gwada wannan a zahiri. A 2008 Kevin Myles da abokan aikinsa a Jihar Bajiniya ta Amurka suka ɗauki wani bairus da sauro ke ɗauka ba tare da wata wahala ba, suka ƙara masa furotin ɗin nan mai lulluɓe igiya. Sauron da aka ba wannan sabon bairus suka yi ta mutuwa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka cire wa sauro Argonot-2, suka ba shi jini mai ɗauke da bairus na dengi da na Zika. Bairus ya yi yawa a jikinsa, mutuwa kuma ta ƙaru.

Ga amsar tambayar yaron ke nan. Sauro ba ya mutuwa domin yana da garkuwa. Kuma domin ba ya mutuwa ne yake samun kwanakin da bairus ke bukata ya kai ga yawunsa. Da garkuwar ta fi haka ƙarfi, da ta share cutar. Da ta fi haka rauni, da sauron ya mutu kafin ya ciji wani. Abin da muka yaba a sama shi ne kuma ya cika makabartun Oju.

Ba daidai ba ne mai bi ya ɗauki rabin wannan magana ya bar rabi. Wasu littattafan yara sukan nuna halitta kamar lambun da babu ƙaya a cikinsa. Littafi Mai Tsarki bai yi haka ba. Manzo Bulus a Romawa 8 ya kwatanta dukan halitta da mace mai naƙuda, tana nishi, tana jiran ranar da za a 'yantar da ita daga ruɓewa. Hikimar Mahalicci tana bayyane a cikinta, lalacewa ma tana bayyane, sau da yawa kuma a wuri ɗaya ake ganinsu. Nassi bai bayyana mana dalilin kowane abu ba, amma ya hana mu wasu amsoshi. A Yahaya 9 almajirai suka nemi sanin zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Ubangiji Yesu kuwa ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa. Idan samari uku suka mutu a ƙauye ɗaya cikin mako biyu, idanu ɗorawa, suna aman jini, abin da ya kamata dattawa su yi shi ne su sanar da ma'aikatan lafiya nan da nan. Abin kunya ne a ce masu bi ne ke gaba wajen neman wata tsohuwar gwauruwa a ɗora mata maita, sauron kuwa yana cikin randar bayan ɗaki.

Abin da aka yi da wannan sani

Tun da garkuwar sauro ce ke riƙe ma'aunin, masana suka yi tunanin karkatar da shi. Akwai wata bakteriya mai suna Walbakiya da ke zaune cikin jikin kusan rabin jinsunan ƙwari, uwa tana ba 'ya'yanta ta cikin ƙwai. A 2008 aka gano cewa ƙudan da ke ɗauke da ita ya fi jure wa bairus. Sauron gida mai yaɗa dengi da shawara a birane ba ya ɗauke da ita bisa al'ada, sai rukunin Scott O'Neill a Ostareliya suka sa masa ita, suka tarar bairus na dengi ba ya iya hayayyafa sosai a jikinsa. A 2011 aka fara sakin irin wannan sauro kusa da garin Cairns. Babban gwajin da aka yi a birnin Yogyakarta na Indonesiya, wanda aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa a unguwannin da aka sake shi masu kamuwa da dengi sun ragu da kashi 77 cikin 100, masu kwanciya asibiti kuma da kashi 86.

Game da shawara kuwa, makamin ya daɗe a hannunmu, kuma ya dogara ne ga abin da Allah ya ba mu wanda bai ba sauro ba, wato jini mai tunawa. Labarinsa a Afirka ta Yamma ya fara. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar da ake kira Gana a yau, masu bincike na hukumar Rockefeller da ke da mazauni a Yaba, Legas, suka ware bairus ɗin daga ciki. Ɗaya daga cikinsu, Adrian Stokes, ya kamu da cutar ya rasu a Legas a wannan shekara. Max Theiler ya yi ta renon bairus ɗin Asibi a ɗakin bincike har ya yi laushi, ya daina jawo ciwo, a 1937. Daga wannan ne ake yin allurar rigakafin shawara har yau. Allurar tana nuna wa jini kamannin baƙon tun bai zo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen ransa. Babu maganin da ke kashe wannan bairus bayan ya kama mutum, kuma cikin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani kusan rabi ne ke rasuwa.

Akwai masu cewa karɓar allura rashin bangaskiya ne. Su karanta Matiyu 4:5-7. Lokacin da Shaiɗan ya ce wa Ubangijinmu ya faɗo daga kan Haikali don mala'iku su tare shi, har ya kawo nassi ya kafa hujja, Ubangiji ya kira wannan gwada Allah, ya ƙi.

A Najeriya ana yi wa yaro allurar shawara idan ya cika wata tara, tare da ta ƙyanda. Bayan addu'ar iyali ta daren yau, uwa da uba su ɗauko katin rigakafin kowane yaro su duba ko an cika wannan gurbi. Babba da bai taɓa yi ba shi ma ya je, musamman mai zuwa gona kusa da kurmi. Mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su fara tambayar ma'aikacin lafiya. Sauron Edis baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, ya fi yawa da safe da kuma kafin faɗuwar rana, saboda haka gidan sauro na dare bai isa ya tare shi ba. A ruwa mai tsabta yake ƙwai: randa, da duro, da tsohuwar taya, da gwangwani, da kaskon shan ruwan kaji. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne, don haka sau ɗaya kowane mako a zubar da ruwan, a rufe abin da za a iya rufewa. A kuma goge bangon randar da soso, gama ƙwan yana manne a jiki, yana iya jure bushewa wata da watanni, ya ƙyanƙyashe ranar da aka sake zuba ruwa.